Majiyar Barasa

Kalma huɗu ce ta jefa Barasa cikin tsaka mai wuya: "Ina da mutum ciki."

A shirinsu na intanet ya faɗe ta, wata shida da suka wuce, ranar da abokin shirinsa Gitonga ya tsokane shi gaban masu kallo cewa labaransa duk kwashe-kwashe ne. Ana ta raɗe-raɗin sabon gilashin wasan nan da ake ɗaurawa a fuska mutum ya ga kansa tsundum cikin wasa, kamfanin kuma ya yi gum. Barasa ya ji zafin gorin, bakinsa ya riga hankalinsa. Ya ce yana da wanda ya sa gilashin da kansa.

Ba shi da kowa. Ko mai gadin kamfanin bai sani ba.

Masu kallo suka ninka, kowane mako suna jiran abin da majiya ta ce. Barasa kuwa kowace safiya sai ya zauna gaban shayi da mandazi, fanken mutanen Kenya, yana saƙa da warwara da ƙarfi, matarsa Nanjala tana shirin fita. Aikin duba kurakurai take yi a wani ofis da ke titin Mombasa. Shekara uku ke nan, bai taɓa tambayar kurakuran mene ne ba.

"Baban Sifa, shi gilashin nan ba ya yin gumi?" ta ce wata rana tana tauna citta, don kwanan nan jiri ya matsa mata. "Da ni ce, 'yar fanka zan sa masa a ciki."

"Fanka a fuska? Ke dai bar wa masu abu abinsu."

Ya yi dariya har da buga tebur. Da lokacin shiri ya zo bai samo komai ba, sai ya gyara murya ya ce majiyarsa ta tabbatar akwai 'yar fanka mai hana gilashi yin hazo.

Haka aka yi ta yi. Ta ce ai nauyin zai karya wuya in ba a mayar da batir ƙeya ba. Ta ce ita da za su yi wasan tuƙa kwalekwale cikin dorinai, da ta gani ta yaba. Shi ya yi mata ba'a da safe, ya sayar da maganar da rana. Har ya taɓa ba masu kallo dariya da ita, ya ce matarsa in aka miƙa mata abin sarrafa wasa, tuwon ugali za ta tuƙa da shi. Ta ji shirin a matatu, motar hayar da take shiga. Da ta dawo ta ja ɗankwalinta har gira kamar yadda ta koma yi, ta nemi ya matsa mata kafaɗu.

Kunya ce ke cinsa, kuma ya san ta. Duk saƙon yabo da ya shigo sai ya ƙara masa nauyi. Ga ramin ƙarya ƙurarre: kamfanin ya sa ranar Alhamis da la'asar zai nuna gilashin ga duniya. Gitonga ya ce su kalla kai tsaye tare da jama'a, a falon Barasa.

"Mutumina, yau ko a ɗaga ka ko a binne ka," in ji Gitonga yana saita kyamara.

Barasa ya riga ya rubuta neman gafara a takarda, ya ninke ta a aljihu. Hannunsa na kanta aka fara.

Aka juya gilashin a allo. Ga batir a ƙeya. Aka buɗe cikinsa, ga 'yar fanka tana juyawa. Aka nuna matashin soson da ke zama a goshi, mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, da 'yar tsaga a tsakiya. Sannan allo ya cika da ruwa, ga kwalekwale, ga dorina ta wangale baki.

Gitonga ya rungume shi. Saƙonni suka yi ta zubowa, ana kiransa sarkin majiya. Barasa ya yi murmushin yaƙe har aka rufe shirin. Ya ɗauka in ya tsira zai ji sanyi, sai ya ji kunyar ta ƙaru, don yabon ba nasa ba ne. Na matar da ya mayar abin dariya ne, wadda ta yi ta harbi a duhu tana dacewa.

Gitonga na fita Nanjala ta shigo, awa biyu kafin lokacinta. Tana rungume da ƙaramin kwali, kofin shayinta da hoton 'yarsu Sifa a sama. Igiyar katin aiki da kullum ke wuyanta babu ita. Bai lura ba, don ya ƙudura yau sai ya sauke nauyin da ke ransa.

"Nanjala, zauna ki ji. Ba ni da kowa a ciki. Tun farko ƙarya nake yi."

Ta ajiye kwalin a hankali, ta dubi allon da ya tsaya kan hoton gilashin.

"Haka na faɗa musu a ofis," ta ce. "Ba su yarda ba, sun sallame ni."

Ta zare ɗankwalin da ta yi wata shida tana ja har gira. A goshinta akwai shatin jinjirin wata, da 'yar tsaga a tsakiya.