Kunnen Hagu

Da la'asar ne, a rumfar ɗinkin Baba da ke kasuwar Malanville, warin albasa ya cika ko'ina. Ya ciro wani kaset daga ƙasan aljihun keken ɗinki, ya sa a ƙaramar rikodarsa mai wayar kunne. Ya ba ni ɓangaren hagu, ya sa na dama a kunnensa.

Innata ta rasu tun ina goye. Abin da na sani kawai shi ne ta taɓa yi wa wani mai gurmi amshi a Gaya, garin da ke tsallaken kogi.

Wanda ya haɗa kaset ɗin ya raba sautin gida biyu. Gurmi da kalangu duk suna dama, murya kuma tana hagu ita kaɗai, babu komai a tsakiya.

"Mi kaka ji?" in ji Baba.

Na ce, "Wata mata ce, ba kiɗa."

"Innakka ta."

Na zare wayar zan miƙa masa, ya riƙe hannuna ya mayar da ita kunnena.

"Bar ta nan. Ni na san muryatta, kai na ba ka sani ba."

Haka ya zauna yana jin gurmi da kalangu zalla har waƙar ta ƙare.

Ambaliyar kogi ta tafi da kaset ɗin daga baya. Yanzu a gidan rediyo nake aiki, inda ake ɗaukar irin wannan haɗin sauti a matsayin kuskure. Kalmomin waƙar sun ɓace mini. Na dai san ta wane kunne ta shigo.