Kallo Kawai Ake Yi

"Mutanen da sun iya gini," in ji tsohon, yana jinjina kai.

'Yarsa ta juyo ta dube shi. Tsohuwar ganuwar tana damansa, shi kuwa motar 'yan yawon buɗe ido ya fuskanta.

Magini ne, kuma tun tana ƙarama yake mafarkin ganin ganuwar babban birnin nan. Da likita ya ce idonsa ya kusa tafiya, ta ɗauki hutu ta kawo shi. Tun safe suke taka lunguna masu daɓen dutse, yana yaba duk abin da ta nuna. Ashe bakinta yake bi.

"Baba, tun yaushe ka daina gani?"

"Tun kafin mu taso. Na ji yadda kike ɗoki, uwata, na kasa faɗa."

Ta kama hannunsa mai kantar aiki ta ɗora a jikin ganuwar. Yatsunsa suka shiga lalubar inda dutse ya haɗu da dutse, fuskarsa ta fara washewa.

Mai gadi ya matso cikin ladabi.

"Yi haƙuri, Baba, ba a taɓawa. Kallo kawai ake yi."