Masanin Ƙanƙara a Bakin Kududdufi

"Ku fito daga ramin nan," Kalilu ya daka wa magina tsawa.

Shekara uku gwamnati ta ajiye shi a Turai yana nazarin yadda dusar ƙanƙara ke zaftarowa daga duwatsu ta binne masu wasan zamiya. A shekarar 1975 ya dawo Daura, garin da ƙanƙara sai a firjin attajirai. Yau dai iliminsa ya sami rana: gaɓar kududdufin da ake haƙar ƙasar gini, samanta tauri, ƙasanta rairayi.

Tsoho Maharazu, babban maginin, ko ɗago kai bai yi ba.

Kalilu ya zagaya ya hau kan gaɓar don su ji shi da kyau. Ya buga ƙafa. "Kun ga nan? Ɓawo ne kawai."

Gaɓar ta zaftare da shi.

Da suka tono shi, rairayi har cikin kunne, ya ce, "Ai na faɗa muku."

Maharazu ya kaɗe masa hula. "Gaskiyarka, Malam, mu ma mun sani. Shi ya sa muke haƙa ta can gefe, kuma shekara talatin ba wanda ya taɓa hawa kanta sai kai."