Jawabin Da Ba A Taɓa Jin Ƙarshensa Ba

"A ƙasar nan an toshe wa mai gaskiya baki!" Ya faɗa da ƙarfi, ya dakata yana jiran ihu.

Shiru. Ɗalibai sun cika zauren, kowa ya harɗe hannu.

Shekara da shekaru yana zaga jami'o'in Amurka yana kare ra'ayin 'yan mazan jiya. Ko'ina daidai nan ake rufe shi da ihu, 'yan sanda su fitar da shi, da yamma ya hau talabijin yana kukan an hana shi magana. Bai taɓa tanadar sauran jawabin ba.

"Ci gaba mana, Malam," in ji wata ɗaliba. "Yau kunnuwanmu naka ne."

Ya kurɓi ruwa. Ya sake kurɓa. Ga kyamarori, ga gumi.

Can baya wata dattijuwa ta miƙe: "Ƙarya kake, tsohon banza! Sauka!"

Nan take zaure ya kaure, taro ya watse. Da masu gadi suka zo wucewa da ita, sai ya ga matarsa ce. Ta kashe masa ido, ta rage murya:

"In za ka dawo gida, ka sayo madara."