Kaskon Shayi na Farko

Kin ce kin haɗa kayan marigayi kin kulle a ɗaki, don ganinsu yana tayar miki da mikin. Ni ma na yi takaba, na san wannan ciwon. Zauna ki ji wani misali.

Akwai wani mutum, ma'aikacin gidan ruwa, da aka taɓa turawa kwas ƙasar Japan. A can ya koyi shan wani koren garin shayi da suke kira macca, wanda ake kaɗawa da ɗan maburgin gora a cikin kwanon ƙasa. Ya taho gida da garin da maburgin, amma kwanon ya fashe a jaka. Matarsa ta leƙa gwangwanin garin ta ce, "Malam, duk nisan nan kuka ka je ka sayo?" Ta yi dariyarta ta ƙoshi. Washegari kuma ta tafi wajen masu ginin tukwane, ta zaɓo masa ɗan kasko mai karkataccen baki, da tabon wuta a gefe. A ciki ya riƙa kaɗa shayinsa kullum da hantsi. Ita kuwa sai ta karɓa ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce miyar ba gishiri, gobe ma ta sake miƙo hannu. Da tafiya ta yi tafiya, ya zama mai tara kwanonin shayi. Wani ya yi odarsa daga waje, wani tsaraba aka kawo masa, har kabad ɗin gilashi ya cika, matar tana tsokanarsa wai ya fi amarya jere. Ya kuma shiga wani zaure a waya na masu irin wannan sha'awa, inda kowa ke ɗaukar hoton nasa yana turawa.

Da Allah Ya yi wa matar rasuwa, sai ya naɗe kaskon a tsumma, ya tura ƙarƙashin gado, ya daina shan shayin gaba ɗaya. Abinci ma sai 'yarsa, wadda ta dawo gidan don kula da shi, ta yi da gaske kafin ya kai loma biyu. Ga shi kullum yana ramewa. Abin da ya rage masa hoto ne kawai: ya ciro kwano, ya ɗora a kan farin ƙyalle, ya ɗauka, ya mayar.

Rannan 'yan zauren suka ce kowa ya turo hoton kwanonsa na farko. Ya so ya tura wani mai sheƙi daga kabad, sai ya ga ƙarya ce, kuma hannun matarsa ƙaryar za ta goge. Dole ya durƙusa ya jawo kaskon. Ya ɗora shi a kan farin ƙyallen, hoto ya fito kamar kaskon ruwan kaji. Ya canza ƙyalle, ya kai shi bakin taga, ya fita da shi rana, duk ɗaya. 'Yar ta zo da toka da soso ta ce, "Baba, kawo in dirje shi, ko ya yi haske." Ya janye da sauri ya ce, "Kul! Wannan duhun ba dauɗa ba ce." Ta tsaya tana kallon kaskon, can ta ce, "Ni fa tun da nake ban taɓa ganinsa babu komai a ciki ba. Shi ya sa ya yi mini wani iri."

Mutumin ya leƙa cikin kaskon. Sannan ya ce ta ɗora ruwa. Garin shayin ya kwana biyu, amma da sauran ƙamshinsa. Ya zuba, ya kama maburgi, hannu bai manta ba. Koren kumfa ya taso a cikin baƙin yumɓu. Ya ajiye a kan tabarma a bakin ƙofa, ya ɗauki hoto sau ɗaya, ya yi kyau ya tura. To ga shayi da zafinsa a gabansa, zubarwa kuma almubazzaranci ne. Ya yi bisimilla ya kurɓa. Hawaye ya zubo, bai share ba, ya shanye tas. Ya daɗe riƙe da kaskon a tafin hannu har ɗumin ya tafi. Daga nan ya dubi 'yarsa ya ce, "Wannan ƙosan na ɗazu, da saura kuwa?"

Kabad guda na sababbin kwanoni bai sa ya nemi abinci ba, sai wanda ya ɓoye don gudun ciwo. Saboda haka ki buɗe ɗakin nan, 'yar uwa, ko butarsa ce ki ɗauko ki yi alwala da ita. Ba banza Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani ba.