Akwatin Gwaggo da Faifai Goma Sha Biyu

"Zare wayar nan daga jikin akwatina tukuna."

"Gwaggo, in zare yanzu in mayar bayan awa ɗaya? Aikin banza ke nan."

"To yi aikin banzan, ni na sa ka."

"Ke fa kaset kika sani. Wannan saba ake ce mata."

"Ko jirgin sama ake ce mata, zare."

Kai da kake koyon wannan sana'a, buɗe kunnenka. Masu musun nan su biyu ne, a wani gidan rediyo: wata dattijuwa mai kula da ma'ajiyar muryoyi, da wani injiniya da aka ɗauko daga birni, mai jakar goyo da tabarau a goshi. Shekara talatin dattijuwar tana tara muryoyi a kaset: karatun malaman da suka riga mu gidan gaskiya, kiɗan gurmi, hira da tsofaffin maƙera da masaƙa. An juye kasa-kasan duka cikin babbar kwamfutar gidan, wato saba, daga baya gara da yoyon rufi suka gama da su.

Da sabar ta cika, sai aka ƙaro faifan ajiyar bayanai huɗu a kan takwas da ke cikinta, a ɗaure su su zama rumbu ɗaya, irin ɗaurin da masu aikin ke kira RAID. Sabon ɗauri kuwa share tsohon kaya yake yi. Saboda haka sai da aka kwana uku ana kwafe komai cikin wani baƙin akwati na waje, wanda bai fi bulo girma ba, yana maƙale da sabar ta waya guda. Da safen nan injiniya ya ɗaure faifan, suka koma fayau. Ka ga ke nan, duk duniya babu inda muryoyin nan suka rage sai cikin akwatin. Ƙa'idar aiki kuwa tsohuwa ce: kafin ka ɗora wa saba babbar manhajarta, ka raba ta da ajiya, ka kai ajiyar wani ɗaki in da hali.

Bai zare ba. Ya kunna, allo ya tambaya a kan wane faifai za a ɗora manhaja, ya nuno guda ɗaya tak. Injiniya ya sauko da tabarau kan hanci, ya ce, "Kin gani? Sha biyu sun zama ɗaya." Dattijuwa ta matso, ta bi lambar girman da yatsa kamar mai duba allon jikanta, ta ce ita dai wannan lamba ta yi mata kaɗan a ce ta faifai goma sha biyu ce. Ya yi murmushin masu ilimi, ya ce ai ɗaurin yana cin nasa kason. Maganar gaskiya ce, sai dai ba a nan take ba. Abin da ya faru shi ne, manhajar ba ta ma ga rumbun ba, domin katin da ya ɗaure faifan yana buƙatar wata 'yar manhaja mai yi masa tafinta, ita kuwa tana kwance a jakar goyo. Abin da allo ya nuno, akwatin Gwaggo ne.

Na'ura ta yi gargaɗi cewa duk abin da ke kan faifan nan zai tafi. Ya danna. Ta sake tambaya ko ya tabbata. Ya sake dannawa, har da cewa na'urar nan ta cika surutu, ko 'yar'uwar wata ce.

Ana cikin aiki dattijuwa ta lura da wani abu. Fitilun faifai goma sha biyun nan suna tsaye cik, kamar idon kifi a faranti. 'Yar fitilar akwatinta kuwa sai ƙiftawa take yi ba ƙaƙƙautawa. Ta nuna masa. Ya ce gaisawa suke yi.

Aiki ya kammala, saba ta tashi tas, har manajan gidan ya shigo yana sa albarka. Injiniya ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce tunda Gwaggo ta matsa, bari ya cika mata burinta. Ya sa yatsa biyu ya zare wayar.

Allo ya daskare. Ya kashe ya kunna, sai baƙin allo da layi ɗaya: babu manhaja a cikin wannan na'ura. Ya mayar da wayar, saba ta tashi. Ya zare, ta mutu. Sau uku yana yi, kamar mai fatan na huɗu zai zo da wani labari.

Manaja ya nemi kujera da hannu bai samu ba, ya zauna a kan kwalin faifai. Dattijuwa ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta zagi kowa ba. Ta ɗauki akwatin ta rungume, da sauran ɗuminsa, ta ce a buɗe mata ta gani. Aka buɗe. Inda muryoyin shekara talatin suke, sabuwar manhaja ce zaune, da hoton wani tsauni mai ƙanƙara.

Injiniya ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya juyo a hankali.

"Gwaggo, ke da kika saurare su duka... ba ki haddace ba?"

Fankar sabar kawai ake ji.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in an ƙi ji, ba a ƙi gani ba.