Ɗanɗana Gishiri

Bai kai rabin littafin ba, Kawu Ƙarami ya rufe shi, ya tura ƙarƙashin wata rediyo da aka kawo masa gyara. Kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi zafi.

'Yar ƙanwarsa ce ta rubuta, labarin wani gida da rigingimunsa. Shi kuwa sai da ya zagaya da littafin shago-shago yana taƙama tun kafin ya buɗe shi. Ashe akwai wani kawu a ciki, wanda ba ya ziyara sai an sauke tukunya. Ya zauna a kujerar bakin ƙofa, ya ce a ƙoshe yake amma a miƙo ya ɗanɗana gishiri, ya goge cokali da gefen riga, ya tsince naman tas, yara na kallo suna haɗiyar yawu.

Wa zai karanta wannan bai gane Yaya ba? Babban wansu, dattijo guda, ga hawan jini har likita ya raba shi da gishiri, yarinya ta kwance masa zani a kasuwa! Telan da ke maƙwabtaka da shagon ma ya karanta, don da safe yana gaishe da Kawu yana danne dariya. Wato zance ya riga ya fita.

Rana na yin tsaka ya kulle shago ya nufi gidan ƙanwar tasa. Ya tarar ana zuba abinci, ya ja kujerar da ya saba ya zauna.

"Ke, yanzu abin da kika yi ya dace?" ya ce wa yarinyar. "In Yaya ya ga littafin nan, da wane ido za mu dube shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ai Kawu Babba ya karanta, Kawu."

"Innalillahi! Me ya ce?"

"Dariya ya yi ta yi, har da hawaye."

Haƙuri irin na Yaya! Tausayin bawan Allah ya ƙara kama shi.

Ƙanwarsa ta turo masa faranti ba tare da ta ɗago ido ba. "Bismillah."

"A'a, a ƙoshe nake," in ji shi. "Amma miƙo in ɗanɗana..."

Ya dubi hannunsa, sai ga cokali a gefen rigarsa, har ya gama goge shi.